Kafintan da Bai Iya Durƙuso Ba

In ka bi layin masu katako ka wuce injin yanka, rumfa ta uku a hannun hagu, wadda rabin kwanonta sabo ne rabi duk tsatsa, nan Kafinta ya yi shekara ashirin da bakwai yana aiki yana masifa. Kafintoci sun fi goma a layin, amma in aka ce Kafinta aka yi shiru, kowa ya san wanda ake nufi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, babban yatsansa na hagu ba farce tun yana saurayi. Aikinsa ba mai kushe shi. Bakinsa kuwa, Allah ya raba ka da shi. Ka kawo masa karyayyiyar kujera, sai ya fara zagin wanda ya yi ta, ya zagi katakon, ya dawo kanka da ka rasa ido ka saya, sannan ya gyara maka ita ta fi sabuwa ƙarfi.

A cocinsu dattijo ne. Shekara goma sha tara yana zama a kujerar gaba, dama da Fasto. Cocin nasu ba hoto, ba kyandir, ba komai a bango sai farin fenti. A tsaye suke addu'a, ido a rufe, kowa da maganar da ta zo bakinsa. Shi ya yi kujerun cocin, shi ya yi mumbarin, kuma duk wanda ya kauce ko da taku ɗaya ne, yatsan Kafinta zai fara gani.

Rabin rumfar, ɓangaren sabon kwano, na Mai Soso ne. Kafinta ya haɗa ƙashin kujera, Mai Soso ya sa mata soso ya lulluɓe ta da yadi ko leda, haka suke aiki. Dogo ne siriri mai sanyin murya, ɗan Katolika tun kaka da kakanni. Abin da ya haɗa mutanen nan biyu har suka zama aminai, ni dai ban sani ba, don tun safe har su rufe rumfa musu suke yi. Kafinta ya kira shi mai bautar gumaka, shi kuma ya kira shi Ƙaramin Fasto. Da sha biyun rana Mai Soso zai ajiye almakashi, ya zaro carbinsu na Katolika, wanda suke kira rosari, ya koma bayan tarin soso yana motsa baki. Kafinta kuma a daidai lokacin yake ganin ya kamata a buga ƙusa mafi girma a rumfar. Amma kwano ɗaya suke cin abinci, kuma shekarar da katako ya faɗo wa Kafinta a ƙafa, Mai Soso ne ya riƙa goya shi zuwa wurin ɗori.

Ciwon ya fara kamar wasa. Ƙafa ta kumbura, ido ya yi rawaya, aka ba Mai Soso gado. Kafinta yana zuwa asibiti kullum da la'asar, ya zauna a bakin gadon yana ɓare lemo yana kushe likitoci. Wata Talata matar Mai Soso ta fita ɗebo ruwa, sai majinyacin ya juyo da kai ya ce, "Ƙaramin Fasto, in na tafi, ka riƙa yi mini addu'a."

"Ji mutumin nan!" in ji Kafinta, ko ɗago kai bai yi ba. "Sau nawa zan gaya maka? Wanda ya mutu an rufe littafinsa. Ni ba ni da addu'ar zubarwa. In za ka tuba ka tuba yanzu da sauran numfashinka, ka bar ni da zancen banza."

Haka ya faɗa, yadda ya saba faɗa a rumfa, ya miƙa masa lemo yana jiran ramuwa, don Mai Soso ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Amma ran nan bai rama ba. Ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce, "To." Ranar Alhamis da hantsi ya cika.

Kafinta ne ya yi akwatin, da katakon da ya yi shekara huɗu yana ɓoyo don ƙofar ɗakinsa, kuma bai yarda kowa ya buga masa ko ƙusa ɗaya ba. Ranar jana'iza ya ɗauki akwatin a kafaɗa har ƙofar cocin Katolika. A nan ya ja ya tsaya ya miƙa wa wani, don ya taɓa cin alwashin ƙafarsa ba za ta taka ɗakin gumaka ba. Awa biyu yana tsaye a rana yana jin waƙarsu ta taga. Kwana tara aka yi ana taruwa a gidan mamacin da yamma ana yi masa addu'a. Kafinta yana zuwa, ya gaida matar, ya koma waje ya zauna a kan dakali.

Daga nan fa mutumin ya zama wuta. Da can masifarsa tana da kai da gindi, yanzu kuwa duk wanda ya gifta ya samu rabonsa. Ya kori mai sayen tebur don ya jingina da keken ɗinkin Mai Soso. Ya wanke mai shayi tas don ya kawo kofi biyu bisa sabo. Sha biyun rana ta yi, ya ɗaga guduma, ya rasa wanda zai dama, sai ya yi jifa da ita. Haushin likitoci yake ji, da haushin matar mamacin da take kukanta a hankali, da haushin Allah, ko da yake wannan bai yarda ya faɗa ko a zuci ba. Amma wanda ya fi ba shi haushi shi ne mamacin. Mutum ya yi shekara da shekaru yana rama magana, sai ranar da ta fi kowace rana ya ce "To" ya mutu? Wannan ai mugunta ce! Abu ɗaya tak ya taɓa roƙonsa a duniya, ya hana shi, kuma yanzu ba ƙofar da zai buga ya ce wasa yake yi.

Ya je ya sami Fasto a ofis. Faston nan yaro ne a wurinsa, shi ya koyar da shi a makarantar Lahadi tun yana zubar da majina. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya ce, "In mutum ya bar wasiyya a yi masa addu'a bayan ransa fa?"

Fasto ya dube shi da tausayi. "Baba, ai kai ka koya mana. Bayan mutuwa sai shari'a. Ba abin da za mu ƙara masa, ba abin da za mu rage. Mu yi wa matarsa da 'ya'yansa, su ne ke bukata."

Maganar ba ta da aibu, tasa ce ma ɗungurungum aka mayar masa. Shi ya sa ya fito ya bugo ƙofar har sai da kalandar bango ta faɗo.

Sati shida da rasuwar, matar Mai Soso ta zo rumfa. Ta tsaya daga baki, ta kasa kallon ɓangaren mijinta. Ta ce kafin ya kwanta ya karɓi aikin katakan durƙuso na cocinsu, dogayen katakan nan masu soso da suke sa gwiwa a kai in za su yi addu'a, guda ashirin da huɗu. Ya riga ya ɓalle tsofaffin ya zubar, don gara ta cinye su. Wata uku ke nan mutane suna durƙuso a kan siminti.

"Yaya," ta ce, "sunansa ne a kan aikin. Ba na so a ce ya ɓalle ya tafi ya bar mutane a ƙasa."

Ya so ya ce mata ba ya aikin ɗakin gumaka. Maganar ta zo har leɓe, sai ya tuna abin da bakin nan ya jawo masa a asibiti, ya haɗiye. "Je ki," ya ce, "za a yi."

Kuma ya yi, cikin kwana goma. Bai je ya ga wurin ba. Ita ya tambaya tsawon benci, sauran ya ce ai ba sai an koya wa kafinta ba. A ganinsa abin ba komai ba ne illa matashin ƙafa, irin wanda ake yi wa teburin ofis. Ya yi su da tudu, inci tara, ya ɗan karkata su gaba. Da ya zo kan soso sai ya ga wanda Mai Soso ya ajiye, siriri ne mai tauri kamar busasshen burodi. Ya ja tsaki. "Rowa har a ɗakin ibadarku!" Ya ture shi gefe, ya ɗauko lallausan soso mai kauri irin na kujerar manya, ya lulluɓe da jar leda ya ja ta tsaf. Bari 'yan Katolika su ga aiki.

Ya kai su da hantsi, lokacin da ya tabbata ba kowa. Ya tsaya a ƙofar nan da ya tsaya ranar jana'iza, ya yi tsaki, ya shiga da katako a kafaɗa, don aiki ai ba ibada ba ne. Wurin da sanyi da duhu-duhu, yana warin kyandir. Hotuna jere a bango, ga mutum-mutumin Maryamu a lungu da furannin roba a ƙafarta, ga wata 'yar jar fitila tana ci da rana ba gaira ba dalili. Ya kau da kai ya hau ɗaura katakansa, yana matse su can ƙarƙashin bencin gaba don kada su tare hanya.

Ashe da mutum a ciki. Wata tsohuwa ce mai share cocin, kowa Kaka yake ce mata, 'yar ƙarama, bayanta ya ranƙwafa, ido ɗaya ya yi fari. Ta jingina tsintsiya, ta zo ta dafa benci ta sauke gwiwoyinta a kan na farko. Ta gyara, ta sake gyarawa. Sannan ta miƙe da ƙyar ta ce, "Wa ya yi wannan?"

"Ni na yi."

"To, ɗana, wanda ya yi wannan bai taɓa durƙusawa ba."

Kai! Da mari ta sharara masa da ya fi sauƙi. Shi? Dattijon coci guda? Ya fara zuba: shekara arba'in yana riƙe da zarto ba a taɓa dawo masa da aiki ba, soson nan ko a gidan manya sai falon baƙi. Tsohuwa ta bar shi ya gama.

"Marigayi ba ya ɗaura ko ɗaya sai ya hau ya yi rosari guda a kai," ta ce. "In gwiwarsa ba ta yi ƙara ba, sannan ya ɗaura. Hau ka gani. In ka kai ƙarshe lafiya, ni ce maƙaryaciya."

"Ni ba na addu'arku."

"Wa ya roƙe ka? Bakinka naka ne. Gwiwarka nake so. Ni zan yi, kai dai ka durƙusa."

Don ya ƙaryata ta ya hau. Ta durƙusa a siminti kusa da shi, ta zaro carbinta ta fara. Da farko daɗi, kamar a kan sabuwar katifa. Yana murmushin mugunta yana jin ta tana gaida Maryamu, ta sake gaida ta, ta sake, magana ɗaya har sau goma. Wai ita ke nan ibadar? Ko aku ai ya iya wannan. Kafin ta gama goma ta biyu soson ya lotsa, ƙoƙon gwiwarsa ya sami katako. A ta uku karkatar da ya yi wa abin ta fara zame shi gaba, ga benci ya danne masa ciki, ba inda zai sa hannu. Tudun ya rataye masa ƙafafu, bayansa ya ɗauki wuta. A ta huɗu gumi yake yi. Bai tashi ba, don ya gwammace ƙashinsa ya tsage da tsohuwar nan ta ga ya kasa.

Da ta kai ƙarshe sai ta roƙi Allah ya ba matattu hutu, ya haskaka musu. Ta fara jero sunaye: mijinta, 'ya'yanta biyu, wani Fada, limamin cocinsu, da ya daɗe da mutuwa. Sai ta kira sunan Mai Soso, sunansa na gaskiya, wanda Kafinta ya yi shekaru bai ji a bakin kowa ba. Haka kawai, a tsakiyar jerin, kamar mai kiran yara cin abinci. Abin da aka roƙe shi ya hana, ga wata tsohuwa mai ido ɗaya tana yi kowace safiya ko nauyinsa ba ta ji. Baƙin ciki ya taso masa, da kishi, wallahi kishi ne.

"Yana jin ki ne?" ya daka mata tsawa daga durƙuson.

"Ba shi nake gaya wa ba. Allah nake gaya wa."

"In Allah ya riga ya yanke hukunci fa?"

"Ka leƙa ka ga ya yanke?"

"To ita Maryamu me ya kawo ta ciki?"

"Kai ba ka taɓa neman abu wurin mutum ka bi ta wajen uwarsa ba?" Ta kama benci ta miƙe. "Kwashe kayanka. Ka sa soson da marigayi ya ajiye."

Ya kwashe su duka, yana ɗingishi yana zage-zage. Ya farke ledar, ya rage tudun, ya daidaita su, ya sa busasshen soson nan da ya raina. Yana neman ƙananan ƙusoshi a aljihun teburin Mai Soso, sai ya ci karo da rosarinsa na rumfa, baƙi, ƙwayoyin sun sha hannu har suna ƙyalli, an ɗaure inda ya tsinke da zaren ɗinkin kujera. Ya daɗe yana kallonsa. Ya jefa a aljihu, ya gaya wa kansa ma'auni ne, kamar tef ɗin awo.

Daga ranar kullum da hantsi sai ya kai ɗaya ko biyu, ya ɗaura, ya hau. In Kaka na nan ta yi, shi yana bin ƙwayoyin da yatsa. In ba ta nan ya ja su shi kaɗai, baki a rufe, maganganun suna zagaya masa kai ko bai so ba. Abin da ya ƙara ba shi haushi shi ne maimaicin nan da ya raina. A cocinsu in za ka yi addu'a sai ka nemo magana, shi kuwa tun rasuwar ba shi da magana sai ɗaci. Nan kuwa maganar tana nan a ajiye, ko ranka a ɓace ko a sanyaye, ka ɗauka kawai. Ya karɓi ɗan littafin addu'arsu wurin Kaka, ya karanta da fensir a hannu yana ja wa abin da bai yarda da shi ba layi, sai da ya ja wa rabin littafin. Ya tare Fadan da ke cocin yanzu a bakin mota, suka yi awa guda aya na bin aya a kan wurin da 'yan Katolika suka ce ana tsarkake rai kafin ya shiga gaban Allah. Bai gamsu ba, ya kuma gaya masa ido da ido. Fada ya yi dariya ya ce, "Baba, ba sai ka zama namu ba kafin ka roƙa wa abokinka jinƙai." Wannan ma ta ɓata masa rai, don shi da shirin faɗa ya zo.

Amma addu'ar ita kanta ta ƙi fita. Sau nawa yana kai ƙarshen carbin ya buɗe baki zai kira sunan, sai muryarsa ta asibiti ta riga shi, ya ji kansa yana cewa ba shi da addu'ar zubarwa. Sai ya tashi ya hau duba ƙusa. Aka ɗaura na ashirin da huɗu, aiki ya ƙare, bai daina zuwa ba.

Irin wannan ba ya ɓoyuwa. Wata 'yar cocinsu ta bi ta wurin, ta hango shi ta taga a durƙushe, kafin yamma labari ya gama unguwa. A ranar kuma matarsa za ta yi wanki ta ci karo da carbin a aljihun wandonsa. Mace ce mai shiru, shekara talatin da huɗu tana haɗiye masifarsa ba ta tankawa. Ya dawo ya tarar ta ajiye carbin a kan tebur, ita kuma tana tsaye.

"Kai?" ta ce. "Kai?"

"Ma'auni ne. Aiki nake yi da shi."

"Kai!" Ta shige kicin, tukwane suka yi ta ƙara. Kwana huɗu ba ta ce masa ci kanka ba. Ya ɗauka kunyar mutane ce ke cin ta, ya ce a ransa ita ta sani.

Ranar Juma'a dattawa suka zauna da shi a ofishin Fasto, su biyar, a kan kujerun da ya yi da hannunsa. Wasunsu ya taɓa tsayar da su gaban jama'a a kan abin da bai kai wannan ba, kuma ba su manta ba, ka gani a yadda suke gyara zama. Fasto dai ba ya jin daɗin abin. Ya ce, "Baba, tambaya ɗaya ce. Ka gaskata addu'ar mai rai tana amfanar matacce?"

Da i ne, ko a'a, da ya faɗa da ƙarfi ya buga tebur. Kunya ta kama shi kamar ya nutse, don amsar da take gare shi ba ta taɓa fita daga bakinsa ba tun da aka haife shi. "Ban sani ba," ya ce.

Aka yanke magana. Ranar Lahadi zai tashi gaban jama'a ya ce ya yi kuskure, ya nemi gafara, ya mayar da carbin ga masu shi. In ya ƙi, ya sauka daga kujerar dattawa. Shi ya kawo wannan ƙa'idar cocin, ba sai an karanta masa ba.

Lahadi coci ya cika, har da waɗanda suka yi wata uku ba a ga ƙeyarsu ba, munafukai. Bayan wa'azi Fasto ya ce Baba Dattijo yana da magana. Kafinta ya tashi daga kujerar gaba ya tsaya a tsakiya. Ya haddace abin da zai faɗa tun jiya, kuma da niyyar faɗarsa ya fito gida, don kujerar nan ba ƙaramin abu ba ce a wurinsa. Ya dubi fuskokin. Duk sun san Mai Soso. Rabinsu a kan kujerun da ya lulluɓe suke zama a gidajensu. Kuma so suke ya buɗe baki ya hana mutumin nan karo na biyu, a gaban shaidu.

Sai ya juya musu baya, ya dafa mumbari, ya sauke gwiwoyinsa a kan siminti. Wata mata ta ce, "Yesu!" Bai zaro carbi ba, bai gaida Maryamu ba, kalmomin littafin Kaka duk sun gudu. Da muryarsa ta rumfa ya yi.

"Ya Allah, ga ni. Ka san mutumin nan, ka fi ni saninsa. Taurin kai gare shi, ba ya jin magana, ya ƙi zuwa asibiti sai da ƙafa ta kumbura. Shekara ashirin da bakwai ina gaya masa ya bar abubuwan nan bai bari ba. Amma bai taɓa cutar kowa ba, bai taɓa ɓoye ruɓaɓɓen soso a cikin sabon yadi ba. Ya roƙe ni abu ɗaya na hana shi, don ni jaki ne. Ban sani ba ko an rufe ko ba a rufe ba. Kai ke da makullin, ba ni ba, ba Fasto ba, ba Fada ba. In da sauran wuri, ka ji ƙansa. In yana cikin duhu ka haska masa. In ya riga ya huta, to ka gaya masa na yi. Ka gaya masa na yi!" Ya kira sunan, sunan gaskiya, sau biyu, muryar ta fashe a na biyun. "A cikin sunan Yesu."

Ya jira amin. Mutum fiye da ɗari biyu, ba ka jin komai sai kukan wani jariri can baya. Tun da yake bai taɓa rufe addu'a a ɗakin nan aka ƙi amsa masa ba. Ya ce amin ɗinsa shi kaɗai. Ya yunƙura zai tashi, gwiwa ta ƙi.

Sai ya ji takun takalmi daga ɓangaren mata. Matarsa ce. Ya miƙa mata hannu ta ɗaga shi, ba ta karɓa ba. Ta tsaya a kansa, kuma ba ta rage murya ba.

"Ranar da Inna ta rasu na shiga ɗaki na durƙusa ina roƙa mata jinƙai. Ka shigo ka kama hannuna ka ɗaga ni tsaye, ka ce ba a yi a gidanka. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Uwata ce fa, ita ta haife ni, ko sau ɗaya ban ƙara ba, don ka ce Allah ba ya so. Yau abokinka ya mutu, sai ka gano ba ka sani ba?"

Kafinta ya sauke hannun da ya miƙa mata.

Ta tattare zaninta ta durƙusa a kan simintin, ta ture shi da kafaɗa ya matsa mata.

"Ba inda za ka," ta ce. "Yi wa Inna."

Fasto ya ɗaga hannu kamar zai yi magana, ya sauke. Kafinta ya sunkuyar da kai, ya share hanci da bayan hannu, ya soma addu'ar daga farko.